Kiɗan banda na Meziko: abin da ya kamata ku sani game da mabusan tagulla

Tsakanin shekarar 2011 da 2013 wata irin sata ta addabi makarantun sakandare da ke kewayen birnin Los Angeles na Amurka. Ɓarayi kan fasa ɗakin ajiyar kayan kiɗa da dare, su yi ta lalube har su kai ga abin da ya kawo su, su saɓa shi su yi gaba. Abin kuwa shi ne tuba, ƙaton abin busa na tagulla wanda mai busa shi ke shiga cikinsa kamar ya rataya ƙawanya, bakinsa ya buɗe bisa kai kamar babban daro. Ba ya shiga aljihu, kuma sabonsa yakan ci dubban daloli. Malaman kiɗa da 'yan jaridar yankin sun fi karkata ga zato ɗaya: kasuwar kiɗan banda ce ta ja ɓarayin, domin a lokacin 'yan asalin Meziko da ke kudancin Kalifoniya ba sa jin biki ya cika sai tuba ta yi magana. Labarin ya yi nisa har wata mai shirya fim, Alison O'Daniel, ta samo sunan fim ɗinta na 2023 daga wannan sata.

Duk abin da ɓarawo ya yarda ya saɓa a kafaɗa ya tsallake katanga da shi, lalle yana da masu nema. To mece ce wannan banda, kuma me ya sa ƙarfen busa ya zama ƙashin bayanta?

Kalmar banda a Sifaniyanci tana nufin ƙungiyar makaɗa ko wace iri. Amma a bakin mutumin Meziko, in ya ce banda ya yi shiru, yana nufin taron mabusa da masu ganga, mutum goma sha biyar ko fiye, tsaye a jere. Irin wadda ta fi suna a duniya ita ce ta jihar Sinaloa, a arewa maso yammacin ƙasar, bakin tekun Pasifik, jihar da babban birninta shi ne Culiacán, tashar jirgin ruwanta kuma Mazatlán. Tsarin da aka saba gani a yau shi ne trompeta uku, trombón uku, charcheta biyu, tuba ɗaya, clarinete uku, sai masu ganga biyu, sannan mawaƙi ɗaya ko biyu ko uku a gaba. Ku ƙidaya za ku ga tara daga cikin mabusa goma sha biyu tagulla ce a hannunsu. A banda ta asali babu jita, babu goge, babu fiyano, babu abin da ake jona wa wuta. Duk aikin da tsirkiya ke yi a wasu kaɗe-kaɗen, a nan numfashin mutum ne ke yin sa.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai busa kakaki a ƙofar fada ya riga ya san sirrin waɗannan kayan. Ƙarfen ba shi ke haifar da sautin ba, leɓen mai busa ne. Yakan matse leɓɓansa cikin wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke bakin bututun, wanda 'yan Meziko ke kira boquilla, ya tura iska har leɓɓan su riƙa karkarwa, bututun kuma ya ɗauki karkarwar ya girmama ta. In bututun gajere ne murya ta fito siririya, in dogo ne ta fito da kauri. Da a ce za a warware naɗin trompeta a miƙe ta, tsawonta zai kusa mita ɗaya da rabi. Charcheta za ta kai wajen mita biyu, trombón ta kusa uku, tuba kuwa ta haura mita biyar. Wato tuba ta fi kakaki tsawo, naɗe ta aka yi don mutum ya iya ɗauka.

Matsalar bututu mai tsawo ɗaya ita ce muryoyinsa ƙidayayyu ne. Shi ya sa kakaki ke yin kirarinsa da murya biyu ko uku, begilar soja ma ba ta wuce 'yan kaɗan ba. An warware wannan a Jamus, inda Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi rajistar wata dabara a 1818: maɓallin da in an danna shi iska ta ratse ta wani ɗan lungun bututu kafin ta koma hanya, tsawon ya ƙaru nan take, murya ta sauka. Da maɓallai uku ƙarƙashin yatsu uku, mai busa na iya fitar da kowace murya da waƙa ke buƙata. Daga nan abubuwa suka biyo juna da sauri. A 1835 Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka yi rajistar tuba a Berlin. A shekarun 1840 Adolphe Sax, ɗan Beljiyam mai aiki a birnin Paris, ya ƙera dangin ƙahonin tagulla daga ƙarami zuwa babba, kuma daga wannan zuri'a charcheta ta fito, shi ya sa har yau wasu a Sinaloa ke ce mata saxor. Masana'antu suka shiga ƙera kayan da yawa, farashi ya sauka, suka bazu duniya a bayan sojoji da 'yan kasuwa da 'yan mishan. Iskar da ta kai su Meziko ita ce ta kawo mana badujalar soja da ta 'yan sanda.

A Sinaloa, in kun tambayi asalin banda, amsar da za ku fara ji ita ce Jamusawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A ƙarni na 19 Mazatlán na cikin manyan tashoshin ruwan Meziko, gidajen kasuwancin Jamusawa sun kafu a can, kuma kayan kiɗa na cikin hajar da ake saukewa daga jirage. Raye-rayen da banda ta gada, irin su polka da vals da chotis, su ma daga tsakiyar Turai suka fito. Sai dai a ganina an cika ɗora wa Jamusawan nan kaya. Ƙasar duka ce ta kamu da son badujala a wancan ƙarni. Sojojin Faransa da na Ostiriya da suka tsaya wa sarki Maximiliano na Meziko tsakanin 1864 da 1867 sun zo da mabusansu. A dogon mulkin shugaba Porfirio Díaz, wanda ya ƙare a 1911, da wuya a sami gari mai ji da kansa da ba shi da rumfar makaɗa a tsakiyar dandali, inda mabusan hukuma ke yi wa jama'a kiɗa ranar Lahadi. Juyin juya halin da ya ɓarke a 1910 ya yi ta yawo da mabusa daga wannan jiha zuwa waccan a bayan rundunoni. Wanda ya bar soja ya koma ƙauye, ya koma da leɓen da ya saba da ƙarfe, wani lokaci ma da ƙarfen kansa. Helena Simonett, masaniyar kiɗa 'yar ƙasar Suwizalan, ta bi diddigin wannan tarihi a littafinta na 2001 kan banda, ta tsofaffin jaridu da hira da makaɗa, ta kuma nuna yadda masu hannu da shuni na birni suka daɗe suna yi wa banda kallon kiɗan ƙauyawa da 'yan mashaya.

Su kuwa ƙauyawan dalilinsu na riƙe tagulla a fili yake. Ku ɗauki ƙauye a gindin duwatsun Sinaloa shekara ɗari da suka wuce, babu lantarki, babu lasifika. Ana bikin aure a tsakar gida, ko sukuwar dawaki, ko rakiyar gawa zuwa makabarta, ko zagayen ranar waliyyin gari. Jita da goge ba sa wuce inuwar bishiya ɗaya. Trompeta kuwa ana jin ta daga ƙauyen da ke gaba, kuma jin nata shi ne goron gayyata. Ƙarfe yana jure rana da ƙura da faɗuwa daga bayan jaki, in ya lotse a buga shi ya miƙe, in ya tsage maƙeri ya like. Ana busa shi ana tafiya. Mabusan manoma ne da masu sana'ar hannu, da yawansu da kunne suka koya, uba ya miƙa wa ɗa, kawu ya miƙa wa ɗan 'yar uwa.

Yanzu mu shiga cikin ƙungiyar mu ga wa ke yin me, don a nan ne baƙo ke ruɗewa. Wanda ya fara jin banda yakan ce hayaniya ce, kowa na ihu da ƙarfensa. Alhali rabon aiki ne mai tsauri, kuma an fi gane shi in aka faro daga ƙasa.

A ƙasan akwai tuba. Wadda ake amfani da ita a banda yau ita ce mai zagaye jiki, irin da aka ƙera a Amurka a shekarun 1890 bisa buƙatar shugaban mabusa John Philip Sousa, har aka sa mata sunansa, ko da yake a Meziko tuba kawai ake ce mata. Kafin ta iso, mabusan Sinaloa na rungumar wata ƙarama a ƙirji mai baki sama. Ita wannan babbar nauyinta yakan haura kilo goma, duk a kafaɗar hagu, kuma mai ita ba shi da hutu. Masu trompeta kan busa su sauke, su jira zagayensu, su share baki. Mai tuba daga farkon waƙa har ƙarshe yana kan aiki, domin shi ke aza tubalin kowane taku, shi ke faɗa wa ƙafar mai rawa inda za ta sauka, shi ke faɗa wa sauran mabusa inda waƙar ta dosa. A manyan ƙungiyoyin kiɗan Turai tuba takan zauna can baya tana gurnani a hankali, wani lokaci ta yi mintoci ba ta ce uffan ba. A banda busa ta ake yi da duka, kowace murya gajera, busasshiya, mai tsini, kamar an buga turmi. In kuma mawaƙi ya tsaya shan iska, sai mai tuba ya cike gurbin da gudu, ya hau sama ya gangaro, ya dawo daidai kan taku kamar bai je ko'ina ba. Iskar da wannan ke ci ba kaɗan ba ce, kuma ana yin sa ne awa uku, awa biyar, wani lokaci har asuba. Shi ya sa gwanin tuba ke da tsada, ana rububinsa.

Sai charcheta, wadda nake ganin an fi zalunta a wajen yabo. Mutum biyu ne, sukan tsaya gefen mai tuba, riƙe da ƙaho matsakaici. Sunansu na biyu armonías, wato masu haɗa muryoyi su jitu. Aikinsu shi ne su faɗo a tsakanin takun tuba. In vals ake yi mai taku uku, tuba ta ɗauki na farko, su su ɗauki na biyu da na uku. 'Yan Meziko na kwaikwayon wannan da baki su ce chun-ta-ta: chun ɗin na tuba ne, ta-ta ɗin na charcheta. In polka ce mai taku biyu, tuba ta taka, su amsa, ta taka, su amsa, kamar mata biyu na daka a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi. Mai charcheta na iya kwana yana busa muryoyi uku ko huɗu, ba wanda zai tafa masa, ba yarinyar da za ta nemi hoto da shi. Amma ku cire su ku ji. Tuba za ta zama kamar mai tafiya da ƙafa ɗaya, waƙar ta rame, masu rawa su rasa abin da ke ɗaga su. Aikin da jita da 'yar ƙanwarta vihuela ke yi a kiɗan mariachi na Meziko, shi waɗannan biyun ke yi da leɓe. A ƙungiyoyi da yawa nan ake fara ajiye yaro mai koyo, don ya san taku kafin a ba shi abin da zai yi fice da shi.

Trombón ta Sinaloa ta bambanta da wadda aka saba gani a talabijin, mai dogon hannu da ake turawa ana janyowa. Tasu mai maɓallai ce kamar trompeta. Wannan ya ba ta saurin yatsa, ta iya bin waƙa mai gudu, kuma wanda ya iya trompeta ko charcheta ba ya shan wuyar komawa kanta. Muryarta ta tsakiya ce, kusa da muryar namiji baligi, kuma in ukun suka haɗu suka ɗauki waƙa akwai wani kauri mai ɗumi da ba a samu wurin sauran. Su ne kuma ke mayar wa trompeta martani.

Trompeta ita ce mai kwalliya, ita ake gani, ita ake ji daga nesa. A da ƙanwarta cornetín ce ke wannan matsayi, mai murya mai laushi, kafin trompeta mai kaifi ta ture ta. Su ukun sukan busa waƙa ɗaya a muryoyi uku da ke tafiya tare, ɗaya bisa ɗaya, su buɗe waƙa da kururuwa, su rufe ta da kururuwa. Akwai wani tsohon kiɗa da ke nuna abin da trompeta ke iyawa in an bar ta ita kaɗai, sunansa El Niño Perdido, wato yaron da ya ɓata. Kafin a fara, mai trompeta ɗaya yakan sulale daga cikin 'yan uwansa ya tafi can bayan taro, ko bayan wani gini, ko saman bene. Ƙungiya ta fara kiɗa, sai ta tsaya cik. Daga nesa sai a jiyo siririyar murya tana kira, kamar yaro na neman gida. Jama'a su waiwaya suna neman inda take. Ƙungiya ta amsa, ta sake yin shiru, muryar ta sake kira, yanzu ta ɗan matso. Haka za a yi ta yi yana ratsowa ta cikin mutane yana busa, har ya iso ya shiga sahu, sannan duka su fashe da kiɗa lokaci ɗaya. Ba kalma ko ɗaya a ciki, amma kowa ya ji labarin. Kuma wasa ne da ba zai yiwu da abin da ba a jin sa daga nesa ba.

Clarinete ba tagulla ba ce, baƙin itace ne ko roba, da ɗan harshen kara a baki wanda shi ke karkarwa, don haka ta fi kusa da algaita. Ita ke sassauta kaifin ƙarfe, ta yi ta gudu a sama tana ado. Gangunan kuma biyu ne. Tarola ƙarama ce mai kaifin sauti da ake yi wa ruwan sanduna. Tambora babba ce mai fuska biyu, da faifan tagulla kafe a samanta, mai ita na dukan fata da gula a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da wani faifan yana kifa shi kan na kafen. Sunanta ya yi kama da tambarinmu a kunne, darajarta ma ba ta da nisa da tasa, don a Sinaloa sau da yawa ƙungiyar duka ake kira la tambora.

Mutumin da ya fi kowa fitar da wannan kiɗa daga ƙauye, abin mamaki, ba mai busa tagulla ba ne. Cruz Lizárraga mai clarinete ne, daga ƙauyen El Recodo kusa da Mazatlán, kuma ƙungiyar da ke ɗauke da sunan ƙauyen tana ƙirga kafuwarta daga 1938. Shi ya dage mabusansa su sa kaya iri ɗaya, su tsaya da tsari, su shiga ɗakin ɗaukar faifai a farkon shekarun 1950. Ya buɗe ƙofa ga kiɗan da ke tashe a lokacin, mambo da danzón na Kuba da salon manyan ƙungiyoyin Amurka, abin da ya ƙara wa masu trompeta da trombón aiki da gwaninta. Ya rasu a 1995, 'ya'yansa suka ci gaba, kuma har yau ana yi wa Banda El Recodo kirari da uwar dukan bandoji.

A zamanin farko banda ba ta da mawaƙi nata. Dalilin mai sauƙi ne: wane maƙogwaro ne zai yi gasa da ƙarfe tara? Trompeta da clarinete su ne mawaƙan. Sai da makirfo ya zo aka fara gwadawa, manyan mawaƙa suna aron banda ta raka su a faifai, kamar yadda José Alfredo Jiménez ya yi da El Recodo a ƙarshen shekarun 1960, Juan Gabriel kuma can daga baya a 1998. Zuwa shekarun 1990 kowace babbar banda ta ajiye mawaƙanta na dindindin, kuma wannan ya sauya aikin tagulla. Da ita ce mai magana, yanzu ta koma 'yar amshi: ta buɗe waƙa, ta ja baya mawaƙi ya shiga, ta cike masa gurbi in ya numfasa, ta ɗauki tsakiya, ta rufe. Tuba da charcheta ne kaɗai aikinsu bai ragu da ko taku ɗaya ba.

An taɓa gwada sallamar su kuwa. A ƙarshen shekarun 1980 wani sabon salo ya taso daga jihar Jalisco da maƙwabtanta, aka sa masa suna tecnobanda. Ƙungiyoyi irin su Banda Machos da Banda Maguey suka ajiye tuba suka ɗauki jitar lantarki mai kaurin murya, fiyanon lantarki ya karɓi aikin charcheta, aka bar trompeta da trombón a gaba don ado da ƙara. Lissafin a fili yake, baki kaɗan ne za a ciyar, mota ƙarama ta isa. Mu da muka ga yadda fiyano ɗaya ya maye gurbin makaɗa da yawa a ɗakunan haɗa waƙoƙin finafinan Hausa mun san wannan lissafi. Salon ya karɓu ƙwarai, tare da wata rawa mai suna quebradita, inda namiji ke lanƙwasa abokiyar rawarsa baya kamar zai karya ta. Gidan rediyon KLAX na Los Angeles ya koma sa irin wannan kiɗa a 1992, cikin 'yan watanni ya zama na ɗaya a birnin, ya wuce duk tashoshin Turanci. A farkon shekarun 2000 aka sake irin haka a Chicago da salon duranguense, inda na'ura ke kwaikwayon tuba.

Dukansu biyun sun yi tashe sun lafa. Abin da suka bari shi ne kunnuwan miliyoyin matasa da suka saba da sautin banda, kuma da waɗannan kunnuwan suka nemi na gaske, sai tagullar Sinaloa ta dawo da ƙarfinta. El Recodo, da La Arrolladora Banda El Limón, da Banda MS wadda aka kafa a Mazatlán a 2003, suka shiga cika manyan filaye a Meziko da Amurka da tuba ta gaske da charcheta ta gaske. Jenni Rivera, haifaffiyar Long Beach a Kalifoniya, ta yi sarautarta a gaban irin wannan ƙungiya har hatsarin jirgin sama ya ɗauke ta a Disambar 2012. A 2020 Banda MS ta yi waƙa da Snoop Dogg, shi yana zuba zancensa na rap, tuba na riƙe masa taku.

Daga nan ma sai tuba ta fita yawon kanta. Ƙananan ƙungiyoyi masu akodiyon, irin su Calibre 50, suka ɗauke ta a madadin jitar lantarki. Ariel Camacho, wanda ya rasu a hatsarin mota a 2015 yana da shekara 22, ya yi suna da ƙungiyar mutum uku kacal, jita biyu da tuba ɗaya, inda babu ganga babu komai da zai rufe ta, kowane numfashin mai busa a fili. Wannan ne yanayin da satar da muka faro da ita ta faru a cikinsa: biki a bayan gida a Los Angeles ba zai ɗauki mutum goma sha bakwai ba, amma zai ɗauki uku, in dai ɗayansu mai tuba ne. Charcheta ma ta samu ranarta daga baya. Matasan da ke salon corridos tumbados sun jawo ta gaba tare da trombón, suka ba ta waƙa ta busa maimakon ta-ta. Waƙar Ella Baila Sola ta Eslabón Armado da Peso Pluma, wadda a 2023 ta zama ta farko a irin wannan kiɗa na Meziko da ta shiga goman farko a jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka, da waɗannan ƙahonin aka yi mata ado.

Ba za a yi zancen banda a tsallake inuwar da ke bin ta ba. Sinaloa cibiya ce ta fataucin miyagun ƙwayoyi, masu wannan harka suna da kuɗin ɗaukar banda ta kwana tana yi musu busa, kuma akwai waƙoƙin labari da ake kira corrido da ke wasa su. Mawaƙa sun rasa rayukansu a wannan tsakani: an kashe Chalino Sánchez a Culiacán a 1992 bayan ya sauko daga wasa, an kashe Valentín Elizalde a Reynosa a 2006. Wasu jihohi da birane sun hana rera irin waɗannan waƙoƙi a bainar jama'a. Amma yawancin mabusa ba su da alaƙa da wannan duniya. Leburorin kiɗa ne da ake biya da awa, yau suna gidan biki, gobe suna filin hawan bijimai, jibi suna bayan makara, da leɓe a kumbure da kafaɗa mai ciwo.

Sinaloa kuma ba ita kaɗai ke da mabusa ba. A Zacatecas akwai tamborazo, mai saksofon, wadda a al'adance ba ta ɗaukar tuba. A Morelos akwai Banda de Tlayacapan da ke ƙirga shekarunta tun daga 1870. A duwatsun Oaxaca kuwa banda hidimar gari ce, yara ke fara karatun kiɗa tun suna ƙanana, kuma garin Santa María Tlahuitoltepec na al'ummar Mixe yana da makarantar kiɗa da ta yi suna a ƙasar duka. Daga can ne ƙungiyar mata zalla ta Mujeres del Viento Florido ta fito, a sana'ar da har yanzu maza suka cika.

Ƙarar da ta sa ƙauyawa suka zaɓi tagulla tun farko, ita ce ta jawo rigima a Mazatlán a watan Maris na 2024. A bakin tekun birnin ƙananan bandoji kan yi ta zagaye cikin yashi, iyali su kira su su biya a yi musu waƙa biyu ko uku a gindin laima. Wasu masu otal suka yi ƙorafi cewa ƙarar na korar baƙi 'yan yawon buɗe ido, suka nemi a taƙaita abin, ana saura 'yan makonni dubban baƙi su sauka garin kallon kusufin rana na 8 ga Afrilu. Mabusa ba su tsaya dogon zance ba. Suka saɓo tuba da trombón da tambora suka hau titi, suka yi ta busa na sa'o'i a unguwar otal-otal ɗin, har aka yi 'yar hatsaniya da 'yan sanda. Jama'ar gari da manyan mawaƙa suka goya musu baya, hukuma ta zauna da su kan batun izini da lokutan aiki, banda kuma ta ci gaba da busa a bakin teku.

In kun samu sarari ku nemi wani tsohon faifan El Recodo, ko El Sinaloense da Severiano Briseño ya tsara, wadda kusan kowace banda ta iya. Karon farko ku bar trompeta ta ɗauke muku hankali, haƙƙinta ne. A karo na biyu ku toshe mata kunne, ku sauka ƙasa ku nemo tuba, sannan ku saurari mutum biyun nan da ke faɗowa a tsakanin takunta.